Yadda Ake Gano Tsatsa a Bututun Hayaƙin Boila da Hitar Ruwa Lokacin Duba Gida

Duk wanda ya tashi sayen gida ko kama haya a Ingila, Amurka ko Kanada, idonsa kan tafi ne ga kicin, banɗaki da faɗin falo. Bututun da ke fitar da hayaƙin boila (na'urar da ke zafafa ruwa don ɗumama gida) ko na hitar ruwa mai aiki da gas yana can a lungu, cikin ɗakin ƙasa ko bayan ƙofar kabad, ba mai waiwayarsa. Alhali idan ya huje, hayaƙin cikin gida zai zauna, kuma a cikinsa ana iya samun kabon monoksaid, iskar nan marar wari marar launi da ke hallaka iyali guda cikin dare idan an kwana da janareta a ɗaka. Wannan bayani na mai sana'ar duba gidaje ne, da mai koyonta, da kuma mai saye da ke son ya bi mai duba da ido ya gane abin da ake nuna masa.

Tsatsa a wannan bututu sawun ruwa ce. Aikinka ka bi sawun har ka gano inda ruwan ya fito, domin in an sauya bututu aka bar musabbabi, sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Daga ina ruwa yake zuwa

Ƙonewar gas da kanta tana haifar da ruwa. Kowace mita 1 mai siffar kube ta gas idan ta ƙone tana ba da tururin da ya kai kimanin kilo 1.6 na ruwa. Muddin hayaƙin na da zafi, tururin zai bi bututu ya fice ta sama ba tare da an gan shi ba. Da zarar bangon bututu ya yi sanyi ƙasa da wajen digiri 55 a ma'aunin Salsiyas, sai tururin ya kwanta a jikinsa ya koma ɗigo, kamar yadda murfin tukunya ke yin gumi daga ciki. Wannan ɗigon yana da asid, ma'auninsa na pH tsakanin 3 zuwa 5, kuma shi ke cin ƙarfe mai rufin zinki, ya ci alminiyum, ya zaizaye simintin da ke tsakanin bulo. A boila mai ƙona mai abin ya fi muni, saboda farar wutar da ke cikin man tana komawa asid mai ƙarfi.

Sauran hanyoyin ruwa su ne ruwan sama da ke shiga ta bakin bututu ko ta inda ya ratsa rufi, da yoyon famfo da ke ɗiga a kansa daga waje. Kowannensu yana barin irin nasa tabon.

Kafin ka taɓa komai

Ka riƙe tocila mai haske sosai, ƙaramin madubi mai hannu, sukudireba, safar hannu, waya don ɗaukar hoto, da na'urar auna kabon monoksaid ta aljihu. Na'urar ka kunna ta tun kana waje cikin iska mai kyau, sannan ka shiga da ita. Idan ta fara kuka ko lambarta ta riƙa hawa, a bar duban tsatsa, a kashe na'urar gas ɗin, a buɗe tagogi, kowa ya fita. In warin gas ka ji a Birtaniya, lambar gaggawa ita ce 0800 111 999.

Ka kuma san iyakarka. A Birtaniya, injiniyan da ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009, shi kaɗai doka ta yarda ya yi aiki a kan boila, kuma galibi cire murfinta yana cikin wannan aikin. A Amurka ma ƙa'idojin ƙungiyoyin masu duba gida irin su ASHI da InterNACHI duban ido suka tanada, ba kwance kaya ba. Saboda haka ba za ka zare bututu daga mahaɗarsa don ka leƙa ciki ba.

Matakin farko: gane irin na'urar da irin bututunta

Karanta farantin bayanin da ke jikin na'urar, ka ga shekarar ƙira, ƙarfinta da irin makamashinta. Tambayar da kake son amsawa ita ce: an ƙera ta ne don hayaƙinta ya fita da zafi, ko don ya huce ya zubar da ruwa?

Tsohuwar hitar ruwa ta Amurka, mai tanki tsaye da wata hula buɗaɗɗiya a kanta, zafin hayaƙi ne kawai ke jan shi sama. Ana sa ta a aji na 1 cikin azuzuwa 4 na fitar hayaƙi da dokar gas ta Amurka, NFPA 54, ta tsara. Bututunta na ƙarfe ne, ko mai bango ɗaya, ko mai bango biyu da ake kira B-vent, alminiyum a ciki, ƙarfe mai rufin zinki a waje. Irin wannan bai kamata ya jiƙe ba, in ban da ɗan lokaci kaɗan a farkon kunnawa.

Boilar zamani kuwa, wadda ta zama tilas in za a sa sabuwar boilar gas a Ingila da Wales tun Afrilun 2005, da gangan take sanyaya hayaƙinta don ta tatsi zafin da ke cikin tururi. Ruwa a cikin bututunta ba laifi ba ne. Laifin shi ne ruwan ya tsaya ko ya fito ta inda ba a shirya masa ba. Fanka ce ke tura hayaƙinta, don haka ɗan huji kaɗan ya isa ya feso shi cikin ɗaki.

Idan ka ga bututun roba mai launin toka ko baƙi da aka rubuta Plexvent ko Ultravent a jikinsa, ka rubuta shi nan take ko da lafiyarsa lau a ido: hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sanar da janye irinsu tun 1998 saboda suna tsagewa, mahaɗansu na rabuwa. Idan kuma bututun ya yi kama da siminti mai launin toka a tsohon gida, yana iya zama na asbestos, kada ka kankare shi ko ka ƙwanƙwasa.

Mataki na biyu: saman tanki

Nan ne wurin da ya fi ba da labari, kuma mutane da yawa tocila kawai suke wulgawa su wuce. Tsaya ka duba da kyau.

A saman tankin hita akwai bututun ruwan sanyi da na zafi, kowanne da ɗan zoben roba a gindinsa, sau da yawa shuɗi da ja. Idan zoben ya narke ko ya lanƙwashe ta ɓangaren da ke fuskantar hular hayaƙi, ɗaya gefen kuma lafiya, hayaƙi mai zafi ya sha dawowa ta ƙarƙashin hular. Haka idan fentin saman tankin ya kumbura ya yi tsatsa a zagaye da hular, ko soson da aka naɗe bututun ruwa da shi ya ƙanƙance ta gefe guda. Wannan ya bambanta da tsatsar yoyo, wadda za ka ga ta taru a gindin bututun ruwa ɗaya, da farin ɓawo ko kore-kore a kan zaren mahaɗa.

Sunkuya kuma ka leƙa ta tagar kallon wuta da ke ƙasa. A tsakiyar tankin akwai wani bututu da ya ratsa daga ƙasa zuwa sama, hayaƙi ke bi ta cikinsa. Idan yana ruɓewa, ɓawon tsatsa zai zubo ya taru a kan murhun. Ɗan kaɗan a tsohuwar hita ba abin mamaki ba ne. Tsibi guda da ya toshe ramukan wuta, harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa yana lilo maimakon shuɗi tsayayye, wannan sai injiniya.

Mataki na uku: bi bututun taku-taku

Fara daga hular ka bi shi har inda ya shige bango ko silin. Sama da gefe kowa na gani. Ƙasan bututun, inda ruwa ke kwanciya, shi ne sai da madubi. Haska tocila a kwance tare da tsawon bututun, domin hasken da ya zo ta gefe yana fito da ƙananan ƙuraje da kumburi waɗanda hasken gaba-da-gaba ke ɓoyewa.

Ga yadda ake karanta abin da aka gani. Farin gari kamar alli a bakin mahaɗa, ko farin zane da ya gangaro daga mahaɗa ya bushe, alamar ruwan asid ne da ya tsiyayo daga ciki ya ci zinki. Jerin ƙananan huji a layi ɗaya a ƙasan sashen da ke kwance, ko a cikin gwiwar da ke ƙasan sashen tsaye, shi ma daga ciki ne: ruwa ya kwanta nan shekara da shekaru. Irin wannan tsatsa daga ciki take cin ƙarfe, saboda haka ranar da ta leƙo waje ta riga ta gama da bangon. Tsatsa mai faɗi a saman bututu daidai ƙarƙashin wani famfo ko bawul, ƙasansa kuma fes, yoyo ne daga waje. Tsatsa siririya da ta mamaye ko'ina har da ƙafafun tanki da sauran ƙarafan ɗakin, laimar ɗakin ƙasa ce.

Idan bututun ya huce, sa safar hannu ka ɗan matsa shi da yatsa, ko ka ƙwanƙwasa a hankali da gindin sukudireba. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa ya yi ɗif, wani lokaci har ya loɓa. Kada ka soka masa tsini. Idan ka huda shi, kai ka huda shi, kuma gidan ba naka ba ne.

Duk inda ka ga an naɗe mahaɗa da tef mai ƙyalli, ko an shafa sabon fenti a wani sashe shi kaɗai, ka ɗauka akwai abin da aka rufe. Ni dai ban yarda da tef a kan bututun hayaƙi ba ko kaɗan. Mahaɗar bututu mai bango ɗaya da sukuru ake ɗaure ta, galibi guda 3.

Sai ka duba kwanciyarsa. A na'urar aji na 1, bututun dole ya riƙa hawa zuwa wajen fita da aƙalla kwatan inci a kowace ƙafa 1. Inda ya lotsa a tsakiya saboda madauri ya saki, nan ruwa zai taru, kuma nan za ka sami hujin. Doguwar tafiya a kwance da gwiwoyi barkatai suna rage gudun hayaƙi, ya huce tun bai kai ko'ina ba. Tun da kana wurin, duba tazara: mai bango ɗaya yana buƙatar inci 6 tsakaninsa da katako ko duk abin da ke cin wuta, B-vent kuma inci 1. Mai bango ɗaya ba ya ratsa silin ko ya bi ta sararin da ke ƙarƙashin rufi.

B-vent yana da wayo guda: bangon ciki yana iya ruɓewa na waje yana ƙyalli. Shaidarsa sai a mahaɗai da gindin sashen tsaye, inda farin gari ko jan ruwa ke tsiyayowa.

Mataki na huɗu: hayaƙin yana fita kuwa?

Rufe tagogi da ƙofofin waje, kunna fankar kicin, ta banɗaki da injin busar da kaya, domin su ne ke zuƙe iskar gida har su jawo hayaƙi baya. Sannan a buɗe famfon ruwan zafi har hitar ta kama. Ba ta minti 5. Sai ka kai hayaƙi kusa da bakin hular, ka zagaya da shi ko'ina. Akwai alƙalamin hayaƙi da ake sayarwa don wannan, amma turaren tsinke ma yana yi. Idan hular ta zuƙe hayaƙin, madalla. Idan ya karkato wajenka, ko madubin da ka kara ya yi hazo, ko ka ji ɗumi mai laima a bayan hannunka, hayaƙi na dawowa. A tuna cewa gwajin rana ɗaya ne. Yana iya wucewa lafiya yau, ya faɗi ranar da yanayi ya sauya, shi ya sa narkakken zoben roba ya fi gwajin nauyi a wurina.

Mataki na biyar: hitar da aka bari ita kaɗai

Wannan musabbabi ne da ake yawan samu a tsofaffin gidajen Amurka da Kanada, kuma sau da yawa ba a gane shi sai an tambayi tarihin gidan. Da can, injin ɗumama gida da hitar ruwa suna zuba hayaƙinsu a dogon bututun bulo guda, zafin babban injin yana riƙe bulon a bushe. Sai aka sayi sabon injin da ke fitar da nasa hayaƙin ta bututun roba a gefen bango. Hita ta rage ita kaɗai a cikin rami mai faɗi da sanyi, ɗan hayaƙinta ba zai iya ɗumama shi ba. Sai ya huce a hanya, ya zubar da ruwa, wani lokaci ma ya kasa hawa.

Alamunsa a bayyane suke ga wanda ya san su: wani tsohon rami da aka toshe da faranti ko siminti a jikin bulon, sabon bututun roba fari yana fita ta bango, da ƙaramin bututun hita mai inci 3 ko 4 yana shiga babban ginin bulon. Ƙa'idar dokar gas ita ce girman filin ramin, a murabba'in inci, kada ya wuce ninki 7 na girman filin bakin hular hitar. Buɗe ƙaramar ƙofar shara da ke gindin ginin. Idan ka tarar da yashi, ɓaraguzan siminti da gutsattsarin jan yumɓun da aka yi wa ramin shafe da shi, asid yana cin cikin. A waje za ka ga farin gishiri-gishiri a jikin bulo, fuskar bulon tana ɓarewa inda ruwa ya daskare a ciki, a cikin gida kuma tabon laima a bango ko silin daidai inda ginin ya wuce. Mutane da yawa sukan kira mai gyaran rufi a kan wannan tabo, a kashe kuɗi, tabon ya dawo da hunturu. Abin ya fi tsanani idan ginin a bangon waje yake, sanyi na dukansa ta gefe uku.

Wasu dalilan sanyin hayaƙi: boilar da ta fi ƙarfin gidan, tana kamawa tana mutuwa kafin bututu ya yi zafi, da tsohuwar boilar ƙarfe da ruwan da ke dawo mata ya cika sanyi.

Dubi abin da aka ajiye kusa

Wuta da iskar ɗakin take ci. Idan iskar na ɗauke da kilorin, ƙonewa za ta mai da shi asid mai cin ƙarfe da sauri, har da irin ƙarfen da ba ya tsatsa. Saboda haka waiga ka ga ko akwai jarkar bilic, maganin wurin ninkaya, sinadarin cire fenti, gwangwanayen feshi, ko buhunan gishirin na'urar tausasa ruwa. Hita mai 'yan shekaru kaɗan da bututunta ya riga ya huje, a ɗakin wanki ko shagon gyaran gashi, wannan ne abin zargi na farko.

Mataki na shida: ƙarƙashin rufi da kan rufi

Idan akwai hanyar shiga ƙarƙashin rufi lafiya, shiga. Sanyin wurin ya sa nan ne bututu ya fi yin gumi. Duba ko mahaɗa ta rabu, ko katakon da ke kewaye ya yi baƙi, ko an danna audugar hana sanyi ta manne da bututu. Jan zane da ya faro daidai inda bututu ya ratsa rufi ya gangaro ta waje, ruwan sama ne ke bi ta farantin da ya rufe ramin. Wanda ya faro daga mahaɗa, daga ciki ne.

Daga waje, ko da daga ƙasa kake da kyamarar waya, duba ko hular saman tana nan, ko ta ruɓe, ko tsuntsu ya yi sheƙa. Jan tabo a kan rufi ƙarƙashin hular yana nuna ta daɗe tana zubar da tsatsa. Kunkunniya a bakinta kuwa, a na'urar gas, alamar wuta ba ta ci daidai.

Boilar zamani ta Birtaniya

Bututunta biyu ne a haɗe, na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana shigo da iska. Yana ɗan gangarowa baya zuwa boila, kamar digiri 3 ko yadda kamfanin ya rubuta, don ruwan ya koma ya fita ta siririn bututun roba da ke ƙasa. Idan gangaren ya juya, za ka ga ɗigo da tabo a bangon waje. Tsatsa ko farin zane a gwiwar da ke saman boila, ko jan ruwa da ya gangaro a jikin akwatinta, yana nufin robar mahaɗar ciki ta saki, ruwan asid yana zuba cikin bututun waje. Injiniya yana tabbatar da haka da na'ura: iskar shiga ya kamata ta nuna oksijin kusan kashi 20.9 cikin 100, in ta sauka ƙasa da 20.6 hayaƙi na komawa ciki.

A benaye masu gidaje da yawa, bututun kan bi ta cikin silin a ɓoye. Tun Janairun 2013, idan babu ƙofofin leƙe da za su ba injiniya damar ganin mahaɗan, zai sa boilar a sahun masu haɗari ya nemi izinin kashe ta. Tabo a silin a kan layin da bututun ya bi abin tsayawa ne. Mai haya kuma yana da haƙƙin ganin takardar duban gas ta shekara-shekara da dokar tsaron gas ta Birtaniya ta 1998 ta ɗora wa mai gida, kuma a Ingila tun Oktoban 2022 dole a sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take a gidan haya.

Rubuta rahoto

"Akwai tsatsa a bututu" bai amfani kowa ba. Rubuta wurin, irin tabon, abin da kake zargi da dalilinka, tare da hoto na nesa da na kusa. Misali: huji a ƙasan gwiwa ta biyu, farin gari a mahaɗai, hita ita kaɗai a ginin bulo na bangon waje, ana zargin hayaƙi na hucewa a hanya.

Huji, rabuwar mahaɗa, dawowar hayaƙi ko toshewa, duk a daina amfani da na'urar har ƙwararre ya zo, kuma a gaya wa mazauna gidan a ranar, kada a jira rahoto. Tambaye su ko suna fama da ciwon kai, jiri ko tashin zuciya da ke lafawa in sun fita. In haka ne, su ga likita. Farin gari da tabo ba tare da huji ba, a kira ƙwararre kafin a kammala ciniki. Ga ginin bulo, nemi duba mataki na 2 na ƙa'idar NFPA 211 ta Amurka, wanda aka tanada don lokacin da gida ke sauya hannu, inda ake zura kyamara a ga cikin ramin daga sama har ƙasa. Idan hitar da aka bari ita kaɗai ce matsalar, gyaran shi ne a zura sabon bututu daidai girmanta a cikin ginin, ko a sauya ta da mai fanka da ke fitar da hayaƙi ta bango, kuma kuɗin wannan aiki ya kamata ya shiga cikin maganar farashin gidan.